Ƙafar da ta taka feda ita ce ta samu

Zare 🧵

1/ Minti 11. Iyakar abin da na iya yi ke nan a fili ranar da na koma buga ƙwallo bayan shekara huɗu. Yaron da a da nake aika ya sayo min fiya-wata shi ya matso kusa da ni ya ce, "Yaya, ko za ka fito ka ɗan sha iska?" Zaren nan yana da tsawo, ku gyara zama.

2/ Bari in faro daga abin da ya mayar da ni filin. Baba yana da ciwon suga shekara shida ke nan. Mun saya masa ɗan injin nan na gwaji da ake tsira yatsa. Wata safiya kafin karin kumallo Umma ta ce cikin wasa, "Kai ma miƙo hannunka mu gani, tunda kullum kana kan kujera." Na miƙa ina dariya.

3/ 113 ya nuna. Ban san ma'anarsa ba, ina ta dariyata. Baba ne ya karɓi injin ya daɗe yana kallon lambar, sannan ya ce, "Ni ma daga nan na fara." Bai ƙara komai ba, ya tashi ya shiga ɗaki. Wallahi shayin ranar ban ji ɗanɗanonsa ba.

4/ Na je asibiti aka maimaita, aka samu kusan haka. Likita ta ce idan mutum bai ci komai ba tun dare, ƙasa da 100 shi ne daidai, 126 zuwa sama idan ya maimaitu ciwon ne, tsakaninsu kuma bakin ƙofa. Ta ce in rage lemon kwalba, in riƙa motsa jiki. Na ce, "Ai ni ɗan ƙwallo ne." Ta ce, "Yaushe rabonka da fili?"

5/ Na yi shiru. Gaskiyar magana, tun da na samu aikin da nake wuni gaban kwamfuta na kuma sayi babur, ko masallacin Juma'a ba na zuwa a ƙafa. Amma a raina ina nan a lamba bakwai. Na ɗauki "ɗan ƙwallo" kamar sarauta, in an naɗa ka an gama. To Asabar ɗin makon na ɗaura takalmi, sauran kun ji a sama.

6/ Washegari da jibi jikina ya yi tsami, sauka daga bene sai na dafa bango. Wani abokina da ke zuwa ɗaga ƙarfe ya ce laktik asid ne ya taru min a cinya, in sha ruwan zafi ya narke. Haushin minti 11 ɗin nan ya sa na fara karatu a kan tsoka, dare bayan dare. Abu na farko da na gano: abokina ya yi kuskure. Zan dawo kansa.

7/ Tsoka ba ta aiki da tuwo kai tsaye. Kuɗin da take kashewa wani sinadari ne da ake kira ATP, kuma wanda ke aljihunta ba ya wuce na 'yan daƙiƙu. Akwai wani ɗan ajiya na gaggawa da ke kai ka kamar daƙiƙa 10 na gudun ceton rai. Daga nan dole ta riƙa ƙera sabo tana kashewa a lokaci guda.

8/ Hanya biyu take bi. Ta farko wutar kara ce: ta farfasa suga cikin sauri, ta samu ATP 2 ko 3 daga kowace ƙwaya, wuta ta tashi bal-bal ta mutu. Ta biyu murhu ne na gaske, inda ake ƙona suga da kitse da iskar oksijin a hankali. A can ƙwayar suga guda tana ba da ATP wajen 30.

9/ Murhun nan sunansa mitokondiriya. Ƙananan abubuwa ne da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki, sai da madubin likita mai ƙarfi ake ganinsu. Ku riƙe sunan, duk zaren a kansa yake juyawa.

10/ In kuna son ganinsa da ido, ku tuna naman kaza. Ƙirjinta fari ne, cinyarta ta fi duhu, domin kaza yawo take wuni yi, tashi kuwa sai an kore ta. Tattabara fa? Ƙirjinta ja wur har da duhu. Naman da ke aiki mai tsawo cike yake da mitokondiriya, da jijiyoyin jini, da sinadarin da ke riƙe oksijin. Mu ma muna da nau'ukan nan a cakuɗe cikin tsokarmu.

11/ Tambayar da masana suka daɗe suna yi ita ce: idan mutum ya juri atisaye ya daina haki, me ya canza? An fi karkata ga zuciya, cewa ta ƙara ƙarfin tura jini. Gaskiya ne, tana ƙarawa. Amma a 1967 wani likita a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, John Holloszy, ya nuna cewa ita kanta tsokar tana sake gini.

12/ Ɓeraye ya sa gudu a kan injin gudu, yana ƙara musu a hankali har suka kai awa biyu a rana, kwana biyar a mako, tsawon mako 12. Da ya duba tsokar ƙafafunsu sai ya tarar sinadaran da mitokondiriya ke ƙona abinci da su sun kusa ninkawa biyu. Ɓeran da ke zaune a keji bai samu komai ba.

13/ Abin da ya fi burge ni: kafin shi an yi gwaji da ɓeraye masu iyo na rabin awa, ba a ga wani canji ba. Shi ya lura cewa aikin ne ya yi musu sauƙi. Tsoka ba ta gina sabon murhu don ka ba ta aikin da tsohon ke iya yi. Sai ta ji an ɗan matsa mata.

14/ Me ƙarin murhu ke yi maka a fili? A gudu iri ɗaya, mai murhu da yawa yana ƙona kitse fiye da wanda ba shi da su, yana tattalin sugansa, ba ya saurin komawa wutar kara. Yaran da suka yi min dariya ba wani ƙarfin zuciya suka fi ni ba. Gudun da a wurinsu itace ne ke ci a hankali, a wurina kara ne ke ƙonewa.

15/ Yanzu ga binciken da na fi so a duk abin da na karanta. Suwidin, 1966. Likitoci biyu, Jonas Bergström da Eric Hultman. Bergström ya riga ya ƙera wata allura mai kauri da ake cusawa a cinya a tsinko ɗan nama kaɗan a auna. Wa za a yi wa gwajin? Su da kansu.

16/ Suka ajiye keken atisaye guda ɗaya a tsakaninsu, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Kowa ya ɗora ƙafa ɗaya a kan feda, ɗayar ƙafar tana hutawa. Suka yi ta takawa har ƙafar da ke aiki ta ƙi. Ku yi tunanin manyan likitoci biyu a haka. Ni dai na yi dariya ni kaɗai da tsakar dare.

17/ Abin da suke aunawa shi ne gilaikojin, wato sugan da tsoka ke ɗaurewa ta adana a rumbunta. Babban mutum yana da kamar giram 400 a tsokoki, kamar 100 a hanta. Bayan atisayen rumbun ƙafar da ta yi aiki ya kusa zama wayam, na ɗayar yana nan yadda yake.

18/ Sai suka yi kwana uku suna cin abinci mai yawan sitaci. Rumbun ƙafar da ta wahala ya cika ya wuce inda yake a da, ya kai kusan ninki biyu na ɗayar. Ƙafar da ta huta kuwa kusan ba ta motsa ba. Mutum ɗaya, jini ɗaya, abinci ɗaya, amma ƙafar da ta taka feda ita ce ta samu.

19/ Na daɗe a kan wannan. Ma'anarsa, gyaran a cikin naman da ya yi aikin yake faruwa. Maƙwabciyarta ma da suke jiki ɗaya ba ta ci albarkacinta ba, balle a ce tsokata ta yau ta ci albarkacin gudun da na yi ina ɗan shekara 22.

20/ To ta yaya tsoka ke sanin an yi aiki? Tana da masu kai rahoto. Ɗaya daga ciki, AMPK, kamar allurar mai ce a babur: da ATP ya fara ƙasa sai ta motsa. Sinadarin kalsiyam da ke kwarara duk lokacin da tsoka ta matse shi ma saƙo ne. Saƙonnin nan suna tayar da wani mai suna PGC-1 alfa, wanda aka gano a 1998 a ɗakin binciken Bruce Spiegelman a Boston.

21/ Shi PGC-1 alfa kamar shugaban leburori ne a wurin gini, shi ke cewa a ƙaro murhu. A 2003 masu bincike a Kofanhegan, cikinsu har da Henriette Pilegaard da Bengt Saltin, suka nuna a jikin mutane cewa bayan atisaye umarninsa yana tashi na 'yan awanni, sannan ya lafa ya koma yadda yake.

22/ Wato atisaye ɗaya zubi ɗaya ne a adashi. Ba ka ganin komai ranar. Sai ka zuba, ka sake zubawa kafin na baya ya shuɗe, sannan abin ya taru ya zama nama na gaske. Shi ya sa gudun fanfalaƙi na Asabar ɗaya a wata, irin wanda na so in yi, wahala ce kawai da tsamin jiki.

23/ Tunda an zo tsami, mu koma kan abokina. Tun zamanin A. V. Hill da Otto Meyerhof, waɗanda suka samu kyautar Nobel ta 1922 a kan aikin tsoka, ake kallon laktik asid a matsayin sharar da ke taruwa idan oksijin ya gaza. Maganar ta shiga littattafan makaranta, ta shiga bakin kociyoyi, ta zauna daram.

24/ George Brooks na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ya kwashe shekaru tun wajen 1980 yana nuna cewa laktet abinci ne. Tsoka tana fitar da shi, zuciya ta ƙona, wasu tsokokin su ƙona, hanta ta mayar da shi suga. Kamar awa ɗaya bayan ka tsaya, ya koma daidai a jininka. Tsamin da ke kama ka bayan kwana ɗaya ko biyu ba shi ba ne.

25/ Tsamin daga 'yan ƙananan raunuka ne a zaren tsoka da kumburin gyaransu, musamman in tsokar ta yi aikin birki, kamar saukowa gangara ko tsayawa kwatsam a guje. Na tura wa abokina wannan bayanin. Ya turo min da saƙon murya na minti huɗu yana cewa shi dai ruwan zafi yana yi masa aiki. Na bar shi.

26/ Duk wannan daɗin sani ne. Abin da ya shafi 113 ɗina da ciwon Baba shi ne na gaba.

27/ Idan ka ci abinci suga ya shiga jini, babbar ma'ajiyarsa tsoka ce. A gwajin da ake ɗura wa mutum suga da insulin ta jijiya, kusan kashi 80 cikin 100 tsoka ce ke kwashewa. Suga kuma ba ya ratsa bangon tsoka haka kawai, sai ta wasu ƙofofi da ake kira GLUT4, waɗanda galibi suna ajiye a ciki, ba a kafa su a bango ba.

28/ Insulin ne ke ƙwanƙwasawa a fito da ƙofofin. A ciwon suga nau'i na biyu, irin na Baba, insulin yana ƙwanƙwasawa amma 'yan gidan sun yi nauyin ji. Suga ya rasa wurin shiga ya yi ta yawo a jini, shekara da shekaru yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa.

29/ Ga inda na ajiye waya na tashi zaune: matsewar tsoka da kanta tana fito da ƙofofin nan, ta wata hanya daban da ba ta jiran insulin. Kuma hanyar tana aiki har a jikin masu ciwon. Bayan an gama, tsokar da ta yi aikin tana ƙara jin kiran insulin na tsawon kwana ɗaya zuwa biyu. Wanda ya juri atisaye kuma yawan ƙofofin kansu ƙaruwa yake.

30/ Kwana ɗaya zuwa biyu fa. Ba shekara huɗu ba.

31/ An gwada wannan a kan mutane irina da ke bakin ƙofa. A wani babban bincike a Amurka da aka wallafa a 2002, mutum sama da 3,000, waɗanda aka sa su tafiyar minti 150 a mako da gyara abinci da rage ƙiba sun rage haɗarin kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba maganin metformin, kashi 31. A Finlan a 2001 ma kashi 58 aka samu.

32/ Sai ɓangaren da ba shi da daɗi: rushewa. A 1966 a Dallas aka kwantar da samari biyar 'yan shekara 20 a gado na mako uku, lafiyarsu ƙalau. Da suka tashi, iyakar oksijin da jikinsu ke iya amfani da shi a aiki ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Zuciya da yawan jini suna da babban kaso a faɗuwar.

33/ Bayan shekara 30 aka nemo su biyar ɗin aka sake aunawa, suna da shekara 50. Abin mamaki, shekara 30 na tsufa bai rage musu ƙarfi kamar yadda mako uku na kwanciya ya yi ba. Aka sa su atisaye na wata shida, suka koma matakin da suke kafin a kwantar da su suna samari. Kuma ribar ta fi fitowa daga yadda tsoka ke zuƙe oksijin daga jini.

34/ Edward Coyle da abokan aikinsa a 1984 sun bi 'yan wasan da suka daina tirenin. Sinadaran mitokondiriya sun riƙa zubewa, rabin abin da za a rasa yana tafiya cikin kamar kwana 12. Waɗanda suka yi shekaru suna yi ba su koma daidai da wanda bai taɓa yi ba a cikin mako 12 da aka bi su, wannan ya ɗan sanyaya min rai. Amma ni nawa mako sama da 200 ne.

35/ Ban ga laifin jiki ba a nan. Murhu yana cin kuɗin kula, wanda ba a girki a kai rushe shi ake yi. Ɗan ga-ruwan layinmu da ke tura kura tun asuba bai taɓa jin sunan mitokondiriya ba, amma na tabbata da za a tsinko naman cinyarsa da nawa, ni zan ji kunya.

36/ Na so in bi gajeriyar hanya, ba zan ɓoye ba. Na karanta aikin su Martin Gibala a Jami'ar McMaster ta Kanada, 2005: zama shida cikin mako biyu, kowanne gudun keke na daƙiƙa 30 da iyakar ƙarfi sau huɗu zuwa bakwai, juriyar mutanen ta tashi daga minti 26 zuwa 51. Na gwada da gudu a bayan makarantar firamare. A zagaye na uku na durƙusa na dawo da ƙosan safe.

37/ Sai na sauko ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Na fara da tafiya mai sauri, irin wadda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Babur na ajiye shi sai tafiya mai nisa. Fili kuma Talata da Asabar, minti 15, sannan 20.

38/ Wanda ya fi wuya shi ne Baba. Mutumin da ya yi noma da ƙuruciyarsa, ka ce masa ya fito yawo ba inda za shi? Cewa ya yi, "Mutane su ce na zare?" Na ba shi labarin likitocin nan biyu da kekensu. Ya yi dariya har da tari, ya ce Turawa ba su da aikin yi. Amma na ga ya saurara da na zo kan maganar ƙofofi.

39/ Dabarar Umma ce ta yi aiki. Ta ce tunda bayan tuwon dare ne sugansa ke hawa, ya daina sallar isha'i a masallacin ƙofar gida, in raka shi na bakin titi. Minti 12 zuwa, minti 12 dawowa. Ba yawo ba ne, masallaci za shi. Ba wanda zai ce komai.

40/ Mun fara tambayar likitarsa tukuna, kuma don Allah duk mai shan maganin suga ko allurar insulin ya yi haka, domin motsa jiki a kan wasu magungunan yana iya faɗar da suga ƙasa sosai. Ta ce ya riƙa sa dabino a aljihu, ya sa takalmi rufaffe, ya duba ƙafafunsa in ya dawo. Maganinsa kuma yana nan yana sha, ba a daina ba.

41/ Wata biyar ke nan. Nawa gwajin na ƙarshe 97. Ba na murna da yawa, na san kwana nawa abin ke ɗauka kafin ya fara zubewa. Makon da na yi mura na kwanta, da na koma fili sai da cinyata ta gaya min. Ina buga minti 40 yanzu, a baya, lamba bakwai ta zama ta yaron fiya-wata. Ya fi ni, ba gardama.

42/ Shekaranjiya aka yi yayyafi bayan magariba, na ce wa Baba mu yi sallah a nan kusa, gobe ma rama. Ya riga ya sa takalminsa. Ya ce, "Ba kai ka ce kwana biyu abin yake yi ba? Jiya ma ba mu je ba." Ya miƙo min lema ya wuce gaba, ina jin dabinon na ƙara a ledar aljihunsa.